Tohon Jijiyoyin Jini da Ƴan Aiken da ke Tafiyar da Shi: Darasi daga Ciwon Ido a Tasawa da Mayahi

Ma'aikacin lafiyar ido da ya saba zagaya ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi ya san abin da yake nema idan ya zaunar da dattijuwa a inuwa ya haska mata ido. Yakan juya fatar idon ta sama ya duba ko akwai tabo fari-fari a cikinta, ya kuma duba ko gashin ido ya karkata ciki yana gogar ƙwayar. Daga nan sai ya dubi tantanin nan mai garai-garai da ya rufe baƙin ido, wanda za a kira tagar ido a wannan maƙala. A idon mai lafiya babu jijiyar jini ko ɗaya a wannan taga. A idon da ciwon tarakoma ya daɗe yana ci kuwa, sau da yawa akan ga siraran jajayen zare sun gangaro daga sama, da wani hazo-hazo biye da su. Waɗannan jijiyoyin jini ne sababbi, ba a haifi mai idon da su ba. Wa ya kira su, ta yaya suka san inda za su nufa, kuma me ya hana su shiga tun farko? Amsar tana ga wasu ƙananan furotin da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna.

Kafin a kai gare su, akwai matsalar suna, wadda ita ce ta kawo maganar cikin mujallar ɗaliban harshe. Kalmar da likitoci ke amfani da ita ga wannan al'amari, wato anjiyojenesis, ta fito daga Girkanci: rabinta na farko yana nufin mazubi, kamar tulu ko tukunya, na biyu yana nufin haihuwa ko farawa. Faransanci ma da ya ce vaisseau mazubi yake gani. Hausa ba ta ga mazubi ba, zare ta gani. Jijiya ita ce hanyar jini, ita ce igiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, ita ce ke kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa, kuma a bakin mutane da yawa ita ce saiwar itace. Akan ɗauki wannan faɗin ma'ana a matsayin rauni idan ana fassarar littattafan kiwon lafiya, amma a nan ya zama riba, domin sabuwar hanyar jini tana fitowa ne daga tsohuwa yadda reshe ke fitowa daga kututture. Shi ya sa tohon jijiya ya fi dacewa da abin da ke faruwa fiye da kalmar Girkancin kanta.

Manoman jihar Maraɗi sun san bambancin da masana ke yi a nan fiye da kowa. Dashen itace daga iri daban yake da abin da aka sani da sassabin zamani, wanda ya yaɗu a jihar tun daga shekarun 1980, inda manomi ke barin kututturen gawo ko kalgo da ke gonarsa ya yi toho, ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran. A cikin mahaifa, hanyoyin jinin ɗan tayi na farko ana gina su ne daga ƙwayoyin da ba su taɓa zama jijiya ba, wannan shi ne dashe. Bayan haka kusan duk ƙarin da ake samu toho ne daga abin da ke akwai: lokacin da yaro ke girma, lokacin da miki ke cikowa da jan sabon nama, da kuma duk wata a mahaifar mace.

Su kuwa furotin ɗin da ke ba da umurni, Faransanci na ce musu facteurs de croissance. Fassara su da sinadaran girma tana da haɗari, domin uwar da ta ji wannan suna a gidan rediyo za ta zaci wani magani ne da ake ba yaro ya yi tsawo. Abin sha'awa shi ne kalmar facteur ita ce kuma sunan mai rarraba wasiƙu, kuma wannan ma'anar ta biyu ta fi kusa da gaskiya. Ba sa gina komai da kansu, saƙo suke kaiwa. Manzo zai yi, sai dai kalmar ta yi nauyi a kunnen Bahaushe. Ɗan aike ya isa. Na farko da aka gano a wannan dangi shi ne mai sa jijiyar saƙo ta tsiro, aikin Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1986.

Maganar tana farawa ne daga ƙishin iska. Kowace ƙwayar jiki tana buƙatar oksijin, shi kuwa ba ya iya ratsa nama ya yi nisa. Bayan kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita daga hanyar jini mafi kusa, sai ya ƙare. Saboda haka duk naman da ya ƙaru, ko wanda rauni ya yanke masa hanya, yana shiga ƙunci. A cikin ƙwayar akwai wani furotin da ake kira HIF. Jiki yana ƙera shi dare da rana, yana kuma rusa shi nan take muddin akwai oksijin. Ranar da oksijin ya yi ƙaranci, masu rusa shi sai su kasa aiki, shi kuwa ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar, ya buɗe ƙwayoyin gadon da aka tanada don irin wannan rana. Ɗalibin nahawu zai gane salon: rashin abu ne ke ɗauke da ma'ana, kamar yadda gurbin da ba a furta komai a cikinsa ba yake iya zama alama a tsarin kalma. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza sun sami kyautar Nobel ta 2019 saboda warware wannan tsari.

Cikin abubuwan da HIF ke buɗewa akwai babban ɗan aiken tohon jijiya, wanda aka sani da haruffan VEGF. Donald Senger da Harold Dvorak sun fara cin karo da shi a 1983 a birnin Boston, suka lura yana sa jijiyoyi su riƙa yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara ya tace shi a kamfanin Genentech da ke Kalifoniya, ya nuna yana sa ƙwayoyin da suka yaɓe cikin jijiya su hayayyafa. Daga baya aka tabbatar abu ɗaya ne. Muhimmancinsa ya fito fili a 1996, lokacin da aka nuna cewa ɗan tayin ɓera da ya rasa ɗaya kawai daga cikin kwafi biyu na ƙwayar gadon VEGF yana mutuwa tun a ciki. A yawancin ƙwayoyin gado kwafi ɗaya yana wadatarwa. A nan rabin murya bai isa ba.

VEGF yana fita daga ƙwayar da ke cikin ƙunci ya bazu, da yawa a kusa da ita, kaɗan-kaɗan a nesa. Wannan bambancin yawa shi ne taswirar hanya. Kuma ba siffa ɗaya gare shi ba. Daga ƙwayar gado ɗaya jiki yana fitar da gajere da matsakaici da dogo, waɗanda a jikin mutum ake kira da lambobi 121 da 165 da 189, gwargwadon yawan tubalan da ke cikin kowanne, tamkar tushen kalma ɗaya da aka yi wa ɗafi daban-daban. Gajeren yana yawo ya yi nisa. Dogon yana da wutsiya mai manne wa abin da ke tsakanin ƙwayoyi, don haka yana zama kusa da gida. Ɓerayen da aka bar musu gajeren kaɗai sukan yi jijiyoyi masu faɗi marasa rassa sosai, domin kira ya isa ko'ina amma bai nuna alƙibla ba.

Idan saƙon ya isa jijiya mafi kusa, yana sauka a kan makarɓinsa da ke jikin ƙwayoyin yaɓen ciki, wanda ake kira VEGFR2. Makarɓai biyu sai su haɗu, ɓangarensu na cikin ƙwayar ya motsa, umurni ya bi ta hannu zuwa hannu har cibiya. Jijiyar takan buɗe ta yi yoyo. Ƙwayoyin da suka ɗaure ta daga waje, kamar yadda tanka ke riƙe darni, su sassauta. Wasu sinadarai masu narkar da furotin su huda shimfiɗar da jijiyar ke kwance a kai. An buɗe ƙofa ke nan.

Abin da ke biyo baya shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Duk ƙwayoyin yaɓen da ke wannan gefe sun ji kira ɗaya. Da dukansu za su amsa, jijiyar wargajewa za ta yi. Sai ɗaya, wadda ta ɗan fi sauran jin kiran, ta zama jagora: ta miƙa siraran yatsu tana laluben inda VEGF ya fi yawa, ta kuma ɗaga wata alama a jikinta mai suna Dll4. Wannan alama tana taɓa makarɓin Notch na maƙwabtanta, abin da take gaya musu kuwa shi ne su rage kunne. Maƙwabtan sai su rage VEGFR2, su haƙura da jagoranci, su koma baya suna hayayyafa suna zama kara, suna buɗe rami a tsakiyarsu inda jini zai bi. An gwada toshe Dll4 a jikin dabbobi, aka sami toho da yawa fiye da ƙima, amma jini bai gudana da kyau a cikinsu ba. Manomin Mayahi da ya bar kututture da tsiro ashirin ya san sakamakon: kurmi zai samu, ba itacen da zai ba da inuwa ba.

Jagora tana tafiya har ta haɗu da wata jagorar daga wani reshe, su manne, hanya ta zagayo, jini ya fara bi. Da oksijin ya iso, HIF ya koma ga masu rusa shi, VEGF ya ragu, kiran ya yi shiru da kansa. Sai dai sabuwar jijiya ɗanya ce. Ƙwayoyinta suna fitar da wani ɗan aiken, PDGF-B, wanda ke kiran ƙwayoyin tanka su zo su ɗaure ta. Anjiyopoyetin na ɗaya yana ƙara mata ƙarfi ta makarɓin Tie2, TGF-beta yana taimakawa a sake shimfiɗa. Rassan da jini bai bi ta cikinsu ba sukan bushe su ɓace. Akwai kuma FGF, wanda aka san shi tun kafin VEGF, yana ƙara wa tohon ƙaimi. Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne anjiyopoyetin na biyu. Aikinsa sassauta ɗauri ne kawai. Idan VEGF yana wurin, sassautawar tana zama mafarin toho; idan babu shi, jijiyar da aka kwance wa ɗauri mutuwa take yi. Ma'anarsa tana hannun abin da ke kusa da shi, kamar kalmar sai, wadda abin da take nufi a sai gobe daban yake da abin da take nufi a sai ya tashi ya tafi. Kwatancen yana da iyaka, tun da ƙwayar jiki ba ta da niyya kuma ba ta ƙirƙirar sabuwar jimla, amma yana taimaka wa mai bayani ya kauce wa kuskuren ɗaukar kowane ɗan aike a matsayin mai ma'ana ɗaya tak.

Yanzu a koma ga tagar ido. Dole ta zauna babu jijiya, domin haske ba ya ratsa jini. Tana shan oksijin daga iska ta cikin hawaye, tana samun abinci daga ruwan da ke bayanta. Wannan tsabta tata ce ta sa masu bincike a ɗakin gwajin Judah Folkman suka riƙa amfani da idon zomo a shekarun 1970: a dasa ɗan abu a tagar, a ga ko jijiyoyi za su taso daga gefe su nufo shi. Abin da ya daɗe yana ɗaure kai shi ne akwai VEGF a tagar ido mai lafiya, amma jijiyoyi ba sa amsawa. A 2006 Jayakrishna Ambati da abokan aikinsa suka nuna dalili. Tagar tana fitar da wani guntun makarɓi mai suna sFlt-1, wanda ba ya manne da kowace ƙwaya. Yana kama VEGF a hanya ya riƙe, saƙon ba ya isa ga mai shi. Hujjar da ta fi daɗin ji ta zo ne daga ayu. Ayun ruwan Amurka, ɗan'uwan wanda ke kogin Kwara, yana da jijiyoyin jini a tagar idonsa bisa halitta, aka duba aka tarar ba ya fitar da sFlt-1 a wurin. Giwa, wadda danginsa ce ta tudu, tana fitarwa, tagarta kuma garau take.

Tarakoma tana karya wannan shiru ne ta hanyar kumburi. Ƙwayar cutar, Chlamydia trachomatis, tana bin kwantsa da majina daga idon yaro zuwa na wani, ta hannu, ta gefen zane, ta ƙudajen da ke sauka a fuska. Kamu ɗaya yakan warke. Matsalar tana ga maimaituwa shekara da shekaru, a wuraren da ruwa ke da wuya kuma salga ba ta wadata ba. Duk lokacin da cutar ta dawo, ƙwayoyin tsaron jiki suna taruwa a fatar ido ta sama, suna zuba ƴan aike iri-iri, har da VEGF, fiye da abin da mai kamun hanya zai iya riƙewa. Shi ya sa jijiyoyin ke gangarowa daga sama, gefen da fatar da ta kumbura ke kwanciya a kai. Likitoci suna kiran wannan labule pannus, kalmar Latin mai nufin ƙyalle. Sunan cutar kansa daga Girkanci yake, ma'anarsa kaushi. Hausa tana da yana da hakiya, sai dai yanar ido ta riga ta zama sunan wani ciwo na daban da ke cikin ƙwayar idon, kuma haɗa su a baki ɗaya yana sa mai ciwo ya yi zaton aikin da ya buɗe wa maƙwabcinsa ido shi ma zai buɗe masa. Wannan ruɗani ba ƙarami ba ne, kuma gyaransa aikin masu harshe ne kafin ya zama na likita.

Ƴan aiken da ke ɗinke rauni, irin su TGF-beta da PDGF, su ma suna aiki ba hutu a fatar idon, har cikinta ya cika da tabo. Tabo yana tsukewa, ya lanƙwasa bakin fatar ciki, gashin ido ya koma yana kartar taga duk ƙiftawa. Mata sun fi maza faɗawa wannan hali, domin su ne ke goye da yaran da ke ɗauke da cutar. Da yawa sukan riƙa tuge gashin da matsefata, ya sake fitowa. Kowace karta sabon rauni ce, kowane rauni sabon kira ne ga jijiyoyi da tabo, har tagar ta yi fari.

Jihohin Maraɗi da Damagaram da Diffa suna cikin inda cutar ta fi tsanani a Nijar, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 Cibiyar Carter take tallafa wa shirin ƙasa na lafiyar ido a can. Dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tana da ƙafa huɗu: aikin tiyata don mayar da bakin fatar ido waje, rabon maganin azitromisin ga gari baki ɗaya, wanke fuskar yara, da gyaran muhalli ta samar da ruwa da salga. Ma'aunin hukumar na cewa an shawo kan cutar ya haɗa da a ga alamarta ta farko ga ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yara ƴan shekara 1 zuwa 9. Gana ta cimma wannan a 2018, Mali da Binin a 2023. Babu ɗaya cikin ƙafafun huɗu da ke taɓa VEGF kai tsaye. Dukansu suna ƙoƙarin kawar da dalilin kiran ne, wanda ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Akwai inda ake taɓa shi kai tsaye. Tun 1971 Folkman ya kawo ra'ayin cewa ƙarin ciwon daji ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa jijiyoyi, don haka a yanke masa kira. An daɗe ana yi masa dariya. A 2004 Amurka ta amince da bevacizumab, maganin da ke kama VEGF, ga ciwon dajin hanji. Nasararsa a kan daji matsakaiciya ce, domin ƙari yakan koma ga wasu ƴan aiken. A ido ne ya yi fice: ranibizumab a 2006, sannan aflibercept a 2011, wanda shi kansa guntun makarɓi ne da aka ƙera bisa irin dabarar da tagar ido ke amfani da ita. Ana yin allurarsu a cikin ƙwayar ido ga masu ciwon sukari da tsofaffin da jijiyoyi marasa kan gado suka tsiro musu a bayan ido. Allura ce ta maimaici, tana bukatar ƙwararre da kayan aiki, abin da ya sa ta yi wa mutumin ƙauyen Gulbin Kaba nisa.

Waɗanda ake ba bevacizumab sukan gamu da hawan jini, da zubar furotin a fitsari, da jinkirin warkewar rauni. Ungozomar asibiti za ta gane alamomi biyun farko, domin su ne take nema ga mai ciki kafin jijjiga ta same ta. A 2003 Sharon Maynard da Ananth Karumanchi da abokansu suka nuna cewa a wannan ciwo mabiyiya tana zuba sFlt-1 mai yawa a jinin uwa, yana kame VEGF ɗin da jijiyoyinta da ƙodarta ke bukata don su zauna lafiya. Guntun makarɓin da ke tsare gani a tagar ido shi ne ke jefa mai ciki a haɗari idan ya yi yawa a jini, kuma wannan ne dalilin da ya sa ciwon ke lafawa bayan mabiyiya ta fita.

Ga dattijuwar da aka zaunar a inuwa, aikin fatar ido yana tsayar da kartar, zafi ya ragu, kumburi ya kwanta. Idan kira ya yanke, jijiyoyin da suka shiga tagar sukan yi ƙanƙanta, jini ya daina bi ta wasunsu, su bar siraran ramuka wofi waɗanda likita ke iya gani da madubinsa bayan shekaru, waɗanda kuma kan sake cika da jini idan wani kumburin ya taso. Farin tabon da ya riga ya zauna a tsakiyar taga kuwa aikin fatar ido ba ya goge shi. Saboda haka mai fassara a ranar duba ido yana da jimloli biyu da dole ya raba wa mai ciwo sarai: aikin zai hana abin da ya rage na gani tafiya, kuma ba zai dawo da wanda hakiya ta riga ta rufe ba.